Hannun Baba na Dama

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka da yara. Yaya aiki, yaya zaman nesa da gida? Mu nan lafiya lau, in ka cire abin da ka riga ka sani.

Kada ka yi mamaki da ka ga na koma biro da takarda. A waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Da na fara sai ka ce to, to, Allah ya ƙara sauƙi, sai in ji wai ana kiranka a gefe. Takarda kuwa ba ta da wurin kashewa.

Baba yana nan yadda ka gan shi a hoto. Shekara biyu ke nan da wata uku tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yana ci, yana sha, yana wuni a kujerar bakin taga yana kallon masu wucewa. Maganarsa ba ta wuce "to" da "a'a". Abin da ke damuna hannun ne. Ya dunƙule, Yaya, dunƙulewar da ko ƙato ba zai buɗe ba. Babban yatsa ya shige ciki, sauran huɗun sun rufe shi sun nutse cikin tafin. Kullum da safe kafin in tafi makaranta sai na naɗa auduga a tsinke, in tura ta gefen ƙaramin yatsa in goge iya inda na kai, shi kuwa ya juyar da fuska bango. Akwai wari, ba zan ɓoye maka ba. Wannan fa hannun da ya shekara arba'in yana gyaran agogo ne, yana ɗaukar sukurun da bai fi ƙwayar yashi ba.

To yanzu ga labarin Autarku, wadda kake cewa in riƙa haƙuri da ita don yarinya ce. Yarinya mai shekara arba'in da ɗaya! Ta zo ranar Asabar, karon farko cikin sati biyar, da ledar lemo a hannu. Tana shigowa na ji wani abu bai yi mini daidai ba a fuskarta. Goshin nan sumul kamar an bi shi da dutsen guga, yana sheƙi kamar sabon faranti. Layukan nan biyu na tsakanin gira, waɗanda mu duka uku muka gada wurin marigayiya Mama, babu su babu dalilinsu. Girar kuwa ta ɗage sama ta tsaya cak, sai ka ce an ba ta labarin mamaki tun jiya ba ta gama mamakin ba.

Ta durƙusa gaban Baba, ta ji warin hannun, sai ta fashe da kuka. Ban taɓa ganin kuka irin wannan ba. Hawaye na zuba, baki na rawa, amma daga ido zuwa sama ko motsi. Kamar famfo a jikin bango. Na rasa ko in lallashe ta ko in nemo bokiti.

A kicin na titsiye ta, ta faɗa mini. Allura ce ta goge tamoji. Wata mata ce mai shagon gyaran farce da gashin ido, a saman bene kan wani shagon takalma, ita ke yi wa mutane a kan kujerar wanke kai. Wai a otal ɗin da Auta ke karɓar baƙi an ɗauko 'yan mata masu shekara ashirin da biyu, kuma manaja ya tambaye ta sau biyu ko ba ta da lafiya ne, don ya ga fuskarta a gajiye.

Shekara goma sha tara ina koya wa ɗalibai cewa akwai ƙwayar cutar da ke zama cikin gwangwanin abincin da ya kumbura, gubarta tana hana tsoka motsi. To ita ce, Yaya. Ita aka tace aka zuba a 'yar kwalba aka ba ta suna mai daɗi. Ka duba fa: ubanta na zaune a falo da shanyayyen jiki, ita kuma ta hau bene da ƙafarta ta ce a shanye mata goshi. Haka na faɗa mata, ban rage ko kalma ba. Ta ce ni dai ba na rasa abin faɗa. Wataƙila ta ji haushi, amma a wannan fuskar wa zai gane?

Agogon hannun da ka aiko wa Baba ya iso. Yana cikin kwalinsa. Ka gaida mutanen gidanka.

Ƙanwarka,
Malama

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Ban ga amsar wasiƙata ta wancan watan ba, amma na san aiki ya yi maka yawa, kamar kullum. Baba yana nan. Ciwon da ke cikin tafin hannun ya fara ruwa, ina samun ɗigon jini a audugar.

Kyawun ƙanwarka ya zo da gardama. Ta koma wurin mai gyaran farcen a ƙara mata a gefen ido, wai can ma ta hango layi. Kwana biyar da yi, fatar idonta na hagu ta sauko ta rufe rabin idon. Ta zo gidan nan da ƙaton baƙin tabarau a ranar da ko rana babu. Da ta cire sai da na dafa bango. Ido ɗaya na mamaki, ɗaya na gyangyaɗi. Baba ya dube ta ya daɗe, sannan ya ce "a'a". Wallahi ban taɓa jin ya yi amfani da kalmar nan a inda ta dace haka ba.

Mai shagon ta ce mata wai jininta ne bai karɓa ba, daga nan ta daina ɗaukar wayarta. Otal kuma suka mayar da ita ofishin baya wurin amsa waya, inda baƙo ba zai gan ta ba. Wato an yi allura don kada a ture ta daga gaba, allurar ce ta kai ta baya. Na so in tausaya mata, na duba cikina ban samu ba.

Da abin ya ishe ta sai ta tafi asibitin gaske, wurin likitan jijiyoyi. Ya ce maganin ne ya zarce zuwa tsokar da ke ɗaga fatar ido, don wadda ta yi ba ta san inda ake sokawa ba. Ya ba ta maganin ɗigawa, ya ce ta jira sati shida ko takwas zai sake da kansa.

Da a nan maganar ta tsaya da ban ɓata takardata ba. Jiya da yamma sai ga ta ta dawo da zumuɗi, ko gaisuwar kirki babu. Wai a layin ganin likitan ta zauna kusa da wata tsohuwa mai dunƙulallen hannu irin na Baba, 'yarta ta ce duk bayan wata uku suke zuwa a yi mata wannan allurar a dantse, hannun ya saki a samu a wanke. Wai akwai mai karkataccen wuya, akwai wanda idonsa ke rufewa da kansa, duk ita ake yi musu. Wai ta tambayi likitan, ya ce a kawo Baba ya gani.

Na ajiye jan biron da nake makin jarrabawa na dube ta, a ido ɗayan da ke buɗe. Na ce, "Ke da kika kasa tsare fatar idonki, ke ce za ki koya mini jinyar ubana?" Ta ce, "Yaya Malama, ba ni zan yi ba, likita ne." Na ce shekara biyu ina wanke shi, ina juya shi, ina ba shi abinci a baki, ban ga ƙeyarta ba sai da ledar lemo. Yanzu don ta je gyaran kwalliyar da ta ɓaci ta jiyo hira a layi, sai ta zama masaniya. Na ce muddin ina gidan nan ba mai soka wa Baba gubar gwangwani. Mutumin da jikinsa ya riga ya shanye, a ƙara masa abin shanye jiki? Wane irin hankali ne wannan?

Ta mayar da tabaranta ta fita. Na san za ta kira ka ta yi maka kukan famfo. Ina gaya maka tun yanzu, kada ka aiko mini da umarni daga nesa.

Ƙanwarka,
Malama

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Sati uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ka karanta wannan har ƙarshe, don ba zan sake maimaita shi ba.

Auta ta sace Baba. Ba ni da wata kalmar. Ranar Talata ina makaranta ina tsaron jarrabawa, wayata a kashe, ta zo da mota ta ce wa matar da ke zama da shi da rana ni na aiko ta. Na dawo na tarar da kujerar bakin taga ba kowa. Abin da na ji a ƙirjina a wannan lokacin ba na yi wa maƙiyi fatansa. Ina tsaye da jaka a kafaɗa sai ga su, tana turo shi a keken marasa lafiya, da 'yan filasta guda biyar a dantsensa daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu.

Maƙwabta sun ji muryata ranar. Na kira ta da sunayen da ba zan rubuta ba. Ta tsaya da ido ɗaya da rabi tana saurare, sai da na gaji ta ce likita ya duba shi fiye da awa guda, ya sa na'urar hoto ya ga kowace tsoka kafin ya soka, ya auna maganin daidai tsokar. Na ce da izinin wa? Ta ce da izinin mai hannun. Wai likitan ya zauna ya yi wa Baba bayani dalla-dalla, cewa hannun ba zai dawo aiki ba, sassautawa kawai zai yi, kuma bayan wata uku sai an sake. Sannan ya tambaye shi ko ya yarda, Baba ya ce "to". Ya juya tambayar ya ce ko a bari, Baba ya ce "a'a". Sai ta ce mini, "Ke kin taɓa tambayarsa?"

Na kore ta.

Kwana uku ina duba shi kamar mai jiran bala'i. Ina kallon yadda yake haɗiyar shayi, ina sauraron numfashinsa, don na san abin da gubar nan ke yi idan ta wuce inda aka sa ta, kuma likitan ma ya rubuta a takarda cewa a lura da hakan. A raina har na shirya abin da zan faɗa mata a ƙofar asibiti. Ba abin da ya faru. Hannun ma yana nan a dunƙule, na ce ai ga shi nan, an wahalar da tsoho a banza.

Ranar kwana na tara da safe na zo da tsinkena da audugata. Na kama ƙaramin yatsan don in sami hanya, sai na ji ya biyo ni. Na ɗauka hannuna ne ya zame. Na ja na kusa da shi, shi ma ya taso. Ba buɗewa sosai ba, kamar dai mutum ya riƙe ƙwai. Amma na ga cikin tafin hannun Baba, karon farko cikin wata goma sha huɗu.

Yaya, farce uku sun yi tsawo sun lanƙwashe sun shige cikin nama. Fatar ta yi fari ta jiƙe kamar takardar da ta kwana a ruwa. Kuma can ƙarƙashin babban yatsa akwai wani dunƙulen abu baƙi mai wari. Na ciro shi da hantsaki na duba. Auduga ce. Audugata ce, wadda ke zamewa daga tsinke ina zaton ta faɗi ƙasa, ashe tura ta nake yi ciki, yau kaɗan gobe kaɗan. Ita ce ta ci masa nama. Duk safiyar da yake juyar da fuska bango, ni ina cewa kunya yake ji.

Na kawo ruwan ɗumi a roba na sa hannun ciki. Ya rufe ido ya yi wata doguwar ajiyar zuciya. Ranar ban je makaranta ba.

Saura abu ɗaya, shi ne ya hana ni rubutu. Ba daga bakin Auta na fara jin maganar allurar nan ba. Bara, mai gashin ƙashin da ke zuwa gida yana motsa masa gaɓoɓi ya ce mini hannun yana neman rufewa, akwai allurar da ake yi, ya ma rubuta mini sunan sashen a asibiti. Da na ji sunan maganin na yi dariya, na ce masa ubana ba amarya ba ne. Na jefa takardar a kwandon shara, bayan wata ɗaya na sallame shi don na ga ya cika kawo shawara. Ba wanda ya san wannan sai kai yanzu.

Kada ka ɗauka na canza ra'ayi a kan goshin ƙanwarka. Har gobe wauta ce, kuma matar saman benen nan kamata ya yi a ƙwace mata sirinji a bar ta da abin goge farce. Abin da ke ci mini rai shi ne, a gidan da ke da malamar kimiyya, ta hanyar wannan wautar sauƙi ya shigo.

Ƙanwarka,
Malama

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Wasiƙarka ta iso, ta farko cikin wata huɗu, kuma na gode. Ina fata kana lafiya, da yara, da matarka musamman, tunda ita ce ta ci rabin shafin.

Na karanta sau biyu don kada in zalunce ka. Layi uku ka yi a kan Baba. Layi biyu ka ce in daina zargin kaina, komai nufin Allah ne. Layi ɗaya ka ce ka daɗe da sanin Auta tana da basira. Daga nan sai ka gangaro kan abin da ya sa ka nemi biro: wai matarka tana tambaya ko likitan nan yana yin na fuska, don a wurinku layin yana da tsawo, kuma tana so ta yi kafin bikin ƙanenta, in ya so sai ku haɗa tafiyar da duba Baba.

Sai ku haɗa da duba Baba. Na rubuta maka farce a cikin nama, na rubuta maka abin da ban iya faɗa wa kowa ba, kai abin da ka tsinta a ciki shi ne adireshin mai gyaran goshi. Shekara huɗu ba ka tako gidan nan ba. Bugun jinin da ya shanye shi bai kawo ka ba, ruɓewar hannun ba ta kawo ka ba, sai tamojin matarka. Auta ko ba komai tsoron rasa aikinta ne ya hau da ita benen nan, kuma da idonta a rufe ta hango abin da ni ban gani ba. Kai da idonka biyu a buɗe me ka hango? Ka gaya wa matarka likitan ba ya yin fuska. Ban tambaye shi ba, kuma ba zan tambaya ba.

Tunda ka ba Baba layi uku, ga amsarsu. Ciwon ya warke, warin ya tafi. An yi masa abin roba da ake ɗaura masa don yatsun su zauna a miƙe. Na je da kaina na nemo mai gashin ƙashin nan na ba shi haƙuri, yana zuwa sau biyu a sati, bai taɓa tayar da maganar ba, wanda ya fi mini ciwo a kan ya tayar. Hannun ba ya ɗaukar komai kuma ba zai ɗauka ba. An sa mana ranar allura ta biyu, sha bakwai ga wata mai zuwa, ni zan tura keken.

Idon Auta ya buɗe, an mayar da ita gaba. Goshin ya fara motsi, jiya har na ga ta haɗe gira da na ce ta cika gishiri a miya. Na tambaye ta ko za ta sake, ta ce wataƙila, amma a asibiti. Na ce Allah ya shirya, ta ce amin, da ni da ke. Yanzu duk Asabar tana zuwa, ita ke yanke masa farce. Shekarun da ta ɓata a shagunan kwalliya sun yi rana, ta fi ni iyawa, ba ta taɓa sa shi ya zabura ba. Ni nake riƙe yatsun, ita tana yankewa. Ba ma yawan magana.

Ka juya bayan takardar nan. Ɗazu na ɗora hannun Baba a kai na bi gefensa da biro. Na tambaye shi tukuna, ya ce "to". Inda layin ya karkace a ƙaramin yatsa ba kuskurena ba ne, iyakar miƙewarsa ke nan. Hannun ubanka ne na dama, yadda yake a yau. Ka ɗora naka a kai ka gani.

Ƙanwarka,
Malama